Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Mako Takwas na Farkon 'Yan Maja

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya kawo zakaran gidan gona ya haɗa da kajin Inna. Mutanen gidan Yaya Babba har gobe cewa suke shi ya ɓata irin kajin gidanmu, kuma a bakin waɗanda ba su taɓa ɗora kaza a sikeli ba ake jin wannan magana. Kawu ba ya musu da su. Sai dai ya ce, "Ido ba mudu ba ne," ya yi shiru, ba ya ƙarasa karin maganar.

Abin da ya gane shi ne kazar Hausa tana jure zafi da kiwon sake, amma girmanta na tafiyar hawainiya ne. Ɗan tsakonta ana ƙyanƙyashe shi da giram 25 zuwa 30, kuma sai ya shafe wata biyar kafin ya kai kilo ɗaya. Buraila kuwa, kazar nama ta gidan gona, cikin mako shida ta kai kilo biyu, sai dai bazarar Kano, in zafi ya haura digiri 40, kashe ta take yi. Maja, wato haɗin kazar gidan gona da ta Hausa, tana tsakiya. In ta samu kulawa, a mako takwas tana iya kai kilo ɗaya, amma kulawar nan kusan dukkanta a makonnin farko take.

Ɗumi ne farko. Makon farko digiri 32 zuwa 35 a daidai gadon bayan 'yan tsakin, sannan a riƙa rage kamar uku kowane mako. A hunturu, Disamba da Janairu, gawayin ba ya mutuwa da dare. A Afrilu kuwa da rana kashe wutar ake a ɗaga labule. In suka dunƙule a gindin kaskon wuta suna kuka, sanyi ne. In suka manne da bango baki buɗe, zafi ya yi yawa. Tsakon da sanyi ya kama, abincin da ya ci ɗumama jiki yake yi da shi, tsoka ba ta samun komai. Kwana ɗaya da zuwansu a kama goma a taɓa jakar abincin da ke gindin wuyansu: ya kamata kusan duka a ji ta cike da laushi. In da tauri, ba su samu ruwa ba.

Yanzu irin ya yi yawa, ba kamar zamanin Kawu ba. Akwai Noiler ta kamfanin Amo da ke Awe a jihar Oyo, akwai FUNAAB Alpha da jami'ar noma ta Abeokuta ta fitar aka yi mata rajista a 2018, ga ShikaBrown ta cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI a Zariya, wadda ita ta ƙwai ce. Da Kawu yana raye da ya sha dariya, domin abin da aka zage shi a kai shi farfesoshi suke yi. Sai dai akwai ha'incin da ke ƙona min rai. Wasu suna haɗa maja da maja a bayan gida, su ƙyanƙyashe, su sayar wa matan aure da sunan ta kamfani. Ƙarfin haɗin jini a haihuwar farko yake. A ta biyu 'ya'yan rarrabuwa suke yi, wani ƙato wani tsamurmuri, abinci kuwa ɗaya suke ci.

Lissafin abinci ba wuya. Kowace Juma'a da safe, kafin a zuba musu, a kama goma ba tare da zaɓe ba a auna, a rubuta. A rubuta buhun da aka buɗe, kowanne kilo 25. In kaji ɗari suka cinye buhu goma, kilo 250 ke nan, suka ƙara kilo 100 gaba ɗayansu, to kowane kilon nama ya ci kilo biyu da rabi na abinci. Wannan daidai ne ga maja. Buraila ba ta kai biyu, kazar Hausa a killace kan wuce huɗu. In naka ya haura uku kafin mako takwas, akwai inda yake yoyo. Ido ba mudu ba ne, domin kazar da gashi ya cika sai ka rantse ta yi nauyi.

Yawanci a mazubi yake yoyon. A cika shi fal, su tona rabi ya bi ɓuntun shinkafa. Kashi ɗaya cikin uku ake zubawa, bakin mazubin kuma a ɗaga shi daidai gadon bayansu, a riƙa ɗagawa suna girma. Sai ɓera da dare. Sai kuma surki da dusa, wanda shi ne sana'ar gidan Yaya Babba: abincin 'yan tsaki yana buƙatar furotin kashi 20 zuwa 22 cikin ɗari, su kuwa a mako na biyu suke raba buhu da dusar masara, daga baya su ce irin ne ba kyau. Mai haɗa nasa abincin da masarar kasuwar Dawanau ya sansana ta ya duba fumfuna, haka ƙuli-ƙuli, waken suya kuma lallai a soya shi, ɗanyensa hana narkewar abinci yake.

Rigakafin cututtukan fakat da Gumboro ba a ɗaga musu ƙafa. A ɗauke ruwa kamar awa biyu da sassafe, a haɗa maganin a ruwan da ba sinadarin famfo, su shanye cikin awa biyu. Shimfiɗa kuma in ta jiƙe a gindin mashaya a kwashe nan take, nan kashin jini yake farawa daga mako na uku, kuma wadda ta tashi daga shi hanjinta ya riga ya illata, ba ta kamo 'yan uwanta.

Daga mako na shida zuwa na takwas ake sauya musu abincin masu tasowa, a hankali cikin kwana uku, a ware zakaru domin sun fi saurin girma suna ture matan. Daga nan za a iya sakinsu tsakar gida su yi kiwo da rana. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗi yadda aka raba kajin Inna bayan rasuwarta, da wanda ya ɗauke sikelin.