Tauraron ɗan'adam kan girgije yake gani, ba gindinsa ba

Shekarar da na dawo gida Argungu daga karatu, ba na jin maganar kowa sai ta wayata. Wata rana a farkon damina na buɗe hoton Meteosat, tauraron ɗan'adam mai lura da yanayi, na ga jan tabo ya rufe garinmu, alamar girgijen da samansa ya kai wajen kilomita 15. Na ce, "Baba, yau ruwa ba makawa, mu fita binne." Ya dubi gabas, ya ce shi bai ji iskar ruwa ba. Na nace. Yayyafi kawai aka yi, geron ya tsiro, rana ta ƙone shi. Sai da Baba ya ci bashin wani irin, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Ƙannena, ga abin da ban sani ba a lokacin. Tauraron nan yana can nesa, kimanin kilomita 36,000, kuma ba tsawo yake aunawa kai tsaye ba. Sanyin kan girgije yake ji. Da yake iska tana ƙara sanyi da kusan digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya da aka hau, sai kwamfuta ta mayar da sanyin lissafin tsawo. Idan girgijen mai kauri ne, lissafin yakan yi kusa da daidai. Idan shara-shara ne, zafin ƙasa yana ratsa shi, sai a sauko da shi ƙasa da inda yake. Shi ya sa masana suka riƙa gwada lissafin da na tauraron CALIPSO, wanda aka harba a 2006, mai auna girgije da hasken leza.

Ni kuwa ba ma lissafin ne ya yaudare ni ba. Abin da na gani rumfar hadari ce da ya riga ya zubar da ruwansa can gabas, saman da sanyi, cikin wayam. Ɗan abin da ya rage kuma busasshiyar iskar ƙasa ta shanye.

Kada ku yanke hukunci da hoto ɗaya. Sabo yana fitowa duk minti 10 ko 15, ku jera huɗu ko biyar. Tabon yana ƙara ja yana dunƙulewa, ko bajewa yake yana koɗewa? Ku haɗa da hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya. Sannan ku fita tsakar gida ku dubi gindin hadarin, ku tambayi dattijon gidanku me ya ji a iska kafin ku taɓa buhun iri.