Abin da Zangon Agege ya koya mini

Lokacin da aka ba ni aikin tattara tarihin Hausawan Agege domin kammala karatuna, na sauka Legas da littafin rubutu da jerin tambayoyi, ina zaton mako biyu zai wadatar. Tambayata ta farko ce ta fara ba ni kunya. Na ce wa wani dattijo, "Baba, wace shekara kuka zo daga Arewa?" Sai ya dube ni ya ce, "Yaro, a nan aka binne cibiyata, a nan kuma kabarin mahaifina yake." Da wannan na gane cewa na zo da tunanin zan tarar da baƙi 'yan ci-rani, alhali mutanen da nake zaune a gabansu suna magana da Yarbanci kamar yadda suke magana da Hausa, kuma wasunsu Arewa sai dai ziyara.

Agege ƙasar Yarabawan Awori ce, kuma a da gonakin koko da goro ne suka kewaye ta. Layin dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, daga baya ya haɗe da Kano a 1912, sai tashar Agege ta zama wurin lodin huhunan goro zuwa Arewa. Fataken da kakanninsu ke shafe watanni a hanyar Gwanja, a ƙasar Ghana ta yau, suka samu goro a bakin tasha. Har yau Yarabawa na kiran wannan nau'in goro da suna gbanja, kuma duk Bahaushen da ya ji kalmar ba ya buƙatar a fassara masa.

Wannan duk ana iya samunsa a littattafai. Abin da sai a zaure na fahimce shi shi ne yadda amana ta riƙe Zango: baƙo ya sauka wurin maigida, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa idan ya ɗauki kaya bashi, ba tare da takarda ko sa hannu ba. Ni ma sai da na bi ta wannan hanya, domin ba wanda ya saki jiki da ni kafin in kai gaisuwa fadar Sarkin Hausawa, a san ɗan wane ne ni da kuma wanda ya kawo ni.

Na kuma daina matsa wa tsofaffi su faɗi shekara. Su da aukuwa suke ƙirga, kamar lokacin yaƙin basasa ko shekarar da aka canja kuɗi, ni ne zan koma in daidaita da kalanda, wani lokacin ma in tarar da ruwayoyi biyu sun saɓa, in rubuta su duka biyun.

Mako biyun nan sai da ya koma wata uku. Ranar da zan tafi, dattijon nan ya raka ni har kusa da sabuwar tashar jirgin da aka buɗe a 2021, ya ce tasha ta yi kyau, amma goro yanzu a mota yake tafiya.