Inda shirin tafiyar kallon tsuntsaye ya kai: Jos, Yankari, Nguru

'Yan'uwa masu koyo, abin da ya fi cin lokaci a shirin wannan tafiya da za mu yi tare da yara shi ne zaɓen wata, kuma an tsaya a kan ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. Ga dalili.

Tsuntsaye biyu ne za su kai mu Jos. Na farko ɗan ƙaramin jan tsuntsu ne mai zama cikin duwatsu, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda sai a 1998 masana suka tantance shi a matsayin jinsi mai zaman kansa. Ɗan'uwan jar tsuntsuwar nan ce mai tsintar tsaba a tsakar gida, amma shi bakinsa shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka, ita kuwa nata ja. Namijin kansa toka-toka, bayansa ja. Na biyu shi ne Vidua maryae, wanda ba ya yin sheƙa, sai macen ta saka ƙwanta a sheƙar na farkon ya rena mata. Ɗan da ya tashi a can yana koyon kukan mai renonsa, kuma da wannan kukan ake gane shi, domin a ido kusan ɗaya yake da danginsa. Namijin yana yin baƙi mai sheƙin kore daga ƙarshen damina zuwa farkon rani kawai. Da ya sake gashi sai ya koma ruwan ƙasa mai zane-zane, ko gwani ba zai rantse a kansa ba. Su kuma agwagin da ke zuwa fadamun Hadeja da Nguru daga Turai sun fi taruwa daga Disamba zuwa Fabrairu. Wanda ya jira Fabrairu ya sami agwagi ya rasa na Jos, wanda ya tafi a Satumba ya yi akasin haka.

A Jos wurin shi ne dajin Amurum kusa da Laminga, gabas da gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take. A nemi izini tun kafin a taso, a kuma roƙi mai rakiya, don shi ya san bishiyar da namijin Vidua maryae ke hawa ya yi kuka, kuma yakan koma bishiya ɗaya kullum. A ware safiya biyu, a isa da ƙarfe shida. Jos tana sama da mita 1,200, sanyin asuba yana kaɗa yara, kuma yaron da ke rawar ɗari ba ya iya riƙe madubin hangen nesa. Rigar sanyi, da takalmi mai kama dutse, ban da silifa. Idan aka ga baƙin tsuntsu mai farin baki a duba ƙafa: in ja ce ko ruwan lemo, ɗan'uwansa ne na cikin gari da ake samu ko'ina, kada a rubuta shi a matsayin na Jos.

Madubi: 8x42 ga manya (lambar farko ninkin girman da yake ƙara wa abu ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita). Ga yara 6x30 ko 8x30, saboda nauyi da kuma tazarar idanu. Babban madubi ba ya matsewa daidai fuskar yaro, sai ya riƙa ganin baƙi-baƙi ya gaji. A bar su su yi gwaji da kurciya da balbela a gida. Mai nuna tsuntsu ya faɗi wuri dalla-dalla, "reshen hagu, ƙasa da busasshen", ba "ga shi can" ba. Ƙurar hunturu kuwa a hure ta tukuna kafin a goge gilashi, gogewa da bakin riga yana karce shi.

Yankari don yara aka saka ta. Kwana biyu a Wikki, masaukin baƙi na cikin dajin, da wanka a ruwan ɗumi, da neman burtu a hanyar kogin Gaji cikin mota tare da jami'in daji. A rufe abinci da gilashin mota, birai ba su da kunya.

Daga Bauci a bi ta Potiskum zuwa Gashuwa, kusa da ita ne Dagona, fadamar da aka keɓe wa tsuntsayen ruwa, take, sannan Nguru. Tafiyar rana kawai, kuma a tambayi mutanen wurin halin hanya ana gobe za a tashi. A nan ana sa ran kirinjijiya da dinya da zalɓe da agwagin da ke zuwa daga Turai. Gauraka ta yi ƙaranci ƙwarai, kada a yi wa yara alkawarinta. Matsalar fadamar ita ce kacalla, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, wurin da ake gani a taswira buɗaɗɗe sai a tarar da ciyawa ta fi mutum tsawo. Mai kwalekwale na garin shi ya san inda ruwa yake a buɗe, a yi ciniki da shi tun da yamma. Kowane yaro da rigar da ke hana nutsewa, kuma babu shiga ruwa ko da ƙafa, saboda tsargiya. A tafi da gidan sauro.

Saura abu biyu: tabbatar da masauki a Nguru, da sauke kukan tsuntsayen Jos a waya don a haddace shi a mota. A daji dai kada a kunna musu, lokacin sheƙa ne.