Ɗan kunya da ɓawon da aka ƙona a Abuja

A watan Oktoban 2023 hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli ta tara ɓawon ɗan kunya kusan tan 4 ta ƙona shi ƙurmus a nan Abuja, duk kayan da aka ƙwace ne daga hannun masu fasa-ƙwauri. Har yau in maganar ta taso a majalisarmu sai wani ya ce ai asara ce kawai, me ya hana gwamnati ta sayar ta zuba kuɗin a asusunta. Ni kam ina tare da masu ƙonawar, kuma yawancin masu wannan ƙorafin ko hoton dabbar ba su taɓa gani ba.

Ɗan kunya dabba ce mai shayarwa amma jikinta duk ɓawo ne a jere, kala 8 ne a duniya, 4 a Asiya 4 a Afirka. Namu na Afirka akwai biyu masu hawa bishiya, mai farar fatar ciki da mai baƙar fatar ciki mai doguwar jela, sai biyu na ƙasa, ƙaton cikinsu yana iya kai kilo 30. Ba shi da haƙori ko ɗaya fa. Da manyan faratansa yake fasa suri, ya zura harshen nan nasa dogo mai yauƙi wanda tushensa can cikin ƙirji yake, ya lashe gara da tururuwa, ya toshe hanci da kunne kada su shige masa, har 'yan tsakuwa yake haɗiyewa su niƙa masa abincin a ciki. Manomin da gara ta taɓa cinye wa rumbu ya san amfanin wannan bawan Allah ko ba a faɗa masa ba.

In ya ji tsoro sai ya naɗe jikinsa kamar gammo ya ɓoye kai, zaki ma sai ya yi ta juya shi ya gaji ya tafi. To amma mutum? Sunkuyawa kawai zai yi ya ɗauka ya jefa a buhu, ba gudu ba cizo. Ga shi macen ɗa ɗaya tal take haifa, galibi sau ɗaya a shekara, ta goya shi a gindin jelarta, kuma kiwonsa a gida ko gidan zu da wuya yake yi saboda abincinsa, mutuwa suke yi. Yanzu ka lissafa dabbobi nawa aka kashe kafin a cika kwantena guda.

Kwantenonin kuwa daga wajenmu suke fita. A watan Afrilun 2019 Singafo ta kama kaya sau biyu, kowanne ya haura tan 12, daga Najeriya za a kai Vietnam. Ba duka daga dazukanmu ba ne, ana kwasowa daga Kamaru da Kongo da sauransu a tara a Legas, amma sunan Najeriya ne a takarda, mu ke shan kunyar. Kuma wai duk don a yi magani ne a China da Vietnam, alhali ɓawon nan abin da ya yi farcen hannunka shi ya yi shi, ba wani bincike da ya tabbatar yana warkar da komai. China da kanta ta cire shi daga jerin magungunan gargajiyarta na hukuma a 2020.

Shi ya sa zancen a sayar bai shiga kaina ba. Tun 2016 a taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, da aka yi a Johannesburg aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe gaba ɗaya, to wa za ka sayar wa in ba su ɓarayin ba? Kuma kayan da aka ajiye a sito, mun san halinmu, wata rana sai a wayi gari an ce ɓera ya ci.

Sai dai kar mu ɗora wa 'yan Asiya laifin duka. A yankin Kuros Riba binciken da wani masani ɗan Najeriya, Charles Emogor, ya yi ya nuna yawancin maharba don nama suke kama shi, ɓawon ma sau da yawa zubarwa ake yi. Wannan kuma kwastam ɗin tashar jiragen ruwa ta Apapa ba za su iya tare shi ba, aikin masu gadin daji ne irin na Gashaka Gumti a Taraba da masu unguwannin ƙauyukan da ke bakin dajin, kuma su ne ba a cika tunawa da su ba in an zo rabon kasafi a nan Abuja.