Matashin da ya koya mini karanta kalandar Habasha

A shekarar 2017 aiki ya kai ni Addis Ababa, cikin wani bincike kan ruwan sama da noman tef, hatsin nan mai ƙananan ƙwaya da ake yin injera, gurasar Habasha, da shi. A ofishin na tarar da wani matashi da bai daɗe da kammala Jami'ar Haramaya ba, can gabas kusa da Harar. Shekarunsa 24. Gashe yake ce mini, kamar yadda suke kiran na gaba da su, ni kuma ina ce masa ƙanena.

Aikina na farko shi ne tattara takardun da manoma ke rubuta awon ruwan sama a ƙauyukansu. Kwana uku ina shigar da su kwamfuta. Ya leƙa abin da na fitar, bai ce uffan ba. Sai da kowa ya fita cin abinci sannan ya jawo kujera: "Gashe, in nuna maka wani abu?"

Na riga na san shekararsu daban take, a lokacin 2009 suke ciki. Abin da ban lura ba shi ne watannin. Shekarar Habasha tana kamawa ne ranar 11 ga Satumba, ko 12 in shekarar Miladiyya mai zuwa mai kwana 366 ce. Wata goma sha biyu kowanne kwana 30, sai ɗan guntun na goma sha uku, Pagume, mai kwana biyar ko shida. To manomi in ya rubuta wata na 10, Sene yake nufi, wanda ke farawa 8 ga Yuni, daidai shigowar damunar da suke kira kiremt. Ni kuwa na ɗauka Oktoba ce, na kwashe damuna guda na kai ta kaka. Duk inda na ga 13 kuma na goge, a zatona tuntuɓen alƙalami ne. Ga kuma agogo: ƙarfe ɗaya na safe a bakin manomin, ƙarfe bakwai ce a wurinmu.

Da a zauren taro ya faɗi wannan, da ya yi suna a ranar, ni kuma na sha kunya. Ya rufa mini asiri, muka zauna har dare muna gyarawa. Tun daga nan, kowace lamba ta zo hannuna sai na tambaya wa ya rubuta ta, kuma da wane irin lissafi.

Yana da wani littafi mai kauri. Duk gyaran da ya yi sai ya rubuta a ciki, da dalili, da kwanan wata iri biyu, shafi guda da haruffan fidel na Amharic, ɗayan da Turanci. Na taɓa ce masa wahalar ta yi yawa. Ya ce don wanda zai zo bayansa ne.

Ya roƙe ni takardar shaida don neman gurbin digiri na biyu. Na ce gobe, goben ta zama mako uku. Ran wata Juma'a muka yi sallama lafiya lau. Daren Asabar ya yanke jiki ya faɗi a gida, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Ƙungiyar taimakon jana'iza ta unguwarsu, wadda ake kira iddir, ta kafa tanti a ƙofar gida kwana uku, da kujeru da abinci. Kirista ne ɗan cocin Orthodox, kuma ranar cika arba'in suka yi tezkar, taron da ya tuna mini da sadakar arba'in a gida. Mahaifiyarsa ta riƙe hannuna, aka fassara mini cewa kullum yana ba ta labarina. Kasa ɗaga kai na yi, don ban taɓa buɗe baki na gaya wa yaron nan irin baiwar da Allah ya yi masa ba, ga takardar kuma ko layin farko ban rubuta ba. Allah ya ƙara mata haƙuri.

Yarinyar da aka ɗauka a gurbinsa littafin nan aka miƙa mata. Cikin mako guda ta ci gaba daga shafin da ya tsaya.