Wai wace doka ya karya?

Jiya a cikin bas wani dattijo ya shigo babu wurin zama, ga wani saurayi a zaune yana ta latsa waya. Na ce ɗan'uwa ka ɗan tashi wa Baba mana, sai ya ɗago ya ce min "Malam wace doka na karya?" Wallahi shiru na yi don gaskiya babu, ba ɗan sandan da zai kama shi, ba alƙalin da zai saurari ƙarar.

Har na kwanta abin na raina. Ita doka majalisa ke yinta, a rubuce take, kotu ta ci ka tara ko ta ɗaure ka. Ƙa'idar ofis ko makaranta kuwa iyakarta bakin get, kana fita ta sake ka. Al'ada ba ta da kurkuku, harara ce da tsegumi, amma fa wani ya fi tsoron bakin mutane kan sammaci. Tarbiyya kuma kai da zuciyarka ne.

Kuma ba duk abin da doka ta yarda ne daidai ba, ai bauta ma sai 1865 aka haramta ta a duk faɗin Amurka.

Ƙarshe dai wata mata mai goyo ce ta tashi, Baban ya ƙi zama.