Ƙashin layya da ya jawo min karnuka, da yadda nake mayar da shi taki yanzu

Mangwaro 18 na dasa a gonar bayan gari, nan wajen Ringim, duk masu aure, kuma da tsada na saye su. Cikin dare biyu 11 suka tafi. Ruwa bai yanke ba, gara ba ta taɓa su ba, awaki ma ba su shiga ba. Ni da hannuna na binne wa karnukan gari abin da ya kira su.

Duk gidan da ke da jama'a ya san yadda ƙashi ke taruwa bayan Babbar Sallah: na haƙarƙari, na kai, na ƙafa, ga na kaji da kifi na yau da gobe. In an watsa shi a juji, yaro ya taka ya yanke, ƙuda ya taru, kare ya ja ya kawo ƙofar gida. Masai kuwa ba wurinsa ba ne. Ba ya ruɓewa, cika rami kawai yake yi, ga kuma hadisin da ya hana tsarki da ƙashi saboda abincin 'yan'uwanmu aljanu ne, don haka ni raina bai taɓa kwanciya da jefa shi cikin najasa ba. Da na ji cewa ƙashi taki ne sai na ce shi ke nan. Kuma gaskiya ne, taki ne. Sinadarin fosfaras da ke cikin takin zamani na sufa shi ne a cikinsa, tare da kalsiyam. Asalin sufar ma da ƙashi aka fara yin ta a Ingila, ana jiƙa shi da asid, har wani John Bennet Lawes ya yi wa hanyar rajista a 1842.

Abin da na yi shi ne na shanya ƙashin kwana uku, na farfasa da guduma, na zuba a gindin kowane rami na dasa a kai. A ido ya bushe ƙayau. Amma ɓargo na ciki, maiƙo ya shige jikinsa, kuma ruwan farko da ya jiƙa ƙasar ya tayar da warin. Hancin mutum bai ji ba, na kare ya ji daga nesa. Suka tona har ƙasa, suka tsinke saiwa, suka yar da dashen a gefe rana ta ƙarasa shi. Da na je wa mai karnukan da ƙorafi, dattijo ne maharbi, sai ya ce, "Yaro, ka ajiye wa kare tuwonsa sannan ka zo ƙararsa?" Na ce, "Haka ne, Baba," na juyo. Har yau in na tuna kuɗin dashen nan sai na ji wani abu ya tokare ni.

Saboda haka aikin duka a wajen raba ƙashi da maiƙo yake. Sauran mai sauƙi ne.

Tun daga tarawa, kada a zuba shi a leda ko robar da ke da murfi, zai yi tsutsa cikin kwana biyu. Tsohon bokitin ƙarfe da aka huda gindinsa da ƙusa, a rataye shi a reshe inda kare da kyanwa ba sa kaiwa, ya wadatar. Manyan ƙasusuwa, irin na ƙafar sa da cinya, a sare su da gatari tun suna ɗanye don ɓargon ya samu hanyar fita. Wannan saran ne na tsallake wancan karon, na fasa su bayan ɓargon ya riga ya daskare ya manne a ciki.

In bokiti ya cika sai dafuwa. A zuba a tsohuwar tukunya, ruwa ya rufe shi, a watsa tokar murhu kamar tafi biyu, don toka na yanke maiƙo yadda sabulu ke yi. A bar shi yana tafasa awa biyu zuwa uku, ana kwashe man da ke tasowa da ludayi. Ruwan kada a zubar kusa da shuka ko bakin rijiya. A tona rami mai zurfi nesa da gona a juye a rufe, don shi ma kiran kare ne. Daga nan a baza ƙashin a kan kwano a rana. Da hunturu ko bazara mako guda ya isa. Da damina yakan ɗauki ninkin haka, kuma sai ana kwashewa duk yamma.

Wasu a nan suke tsayawa su daka. Ni ban ƙara yarda da ƙashin da bai ga wuta ba. Ƙona shi nake yi, amma ba a buɗaɗɗiyar wuta ba. Ina cika garwa da shi, in rufe da murfin ƙarfe da na yi wa huda huɗu ko biyar, in kafa ta a rami, in kewaye da kara, sannan in lulluɓe da ɓuntun shinkafa daga wajen masu injin casa. Ɓuntu ba ya ci da harshe, a hankali yake cinyewa, kuma irin zafin da ake so ke nan. In na kunna da la'asar, sai washegari nake waiwayarsa. Warin hayaƙin fa ba kaɗan ba ne, kamar ana babbaka amma ya fi muni, don haka a yi shi can bayan gari, a duba inda iska ke kaɗawa, in ba haka ba a sha magana wajen maƙwabta.

Launi ne ke faɗa maka ko ya yi. Wanda ya yi daidai baƙi ne ƙirin kamar gawayi har cikinsa, in ka matsa da yatsa ya karye ƙas. In ka karya ka ga cikin ja-ja ne ko ruwan ƙasa, bai gama ba, da sauran mai, a mayar da shi. In ya yi fari fat kamar alli, wuta ta yi yawa. Ba asara ba ce gaba ɗaya, amma farin ya fi taurin narkewa a ƙasa, shuka za ta daɗe ba ta amfana ba. Abin da ya fi jawo farin nan shi ne gaggawar buɗe garwa tana da zafi: iska na shiga sai ya kama ci. A bar ta ta huce sarai.

Daka ba wuya. Tsohon turmin da aka daina abinci da shi, a ɗan yayyafa ruwa don ƙura, a ɗaure hanci da ƙyalle, a tankaɗe da rariya, tsakin a mayar turmi. Iya laushinsa iya saurin aikinsa. Garin in ya bushe yana shekara a buhu ba abin da ya same shi, ko ɓera ba ya kula shi.

Wajen zubawa akwai abin da mutane ke kuskurewa. Fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya, inda ka ajiye shi nan yake zama. In ka barbaɗa a sama ka tafi, saiwa ba za ta same shi ba. Dole ya shiga rami, a cakuɗa da ƙasar da saiwa za ta ratsa. Ga bishiya ina sa gwangwanin madara biyu a rami, haɗe da kwanon ruɓaɓɓen takin dabbobi. Ga tumatir da tattasai, cokalin cin abinci biyu a kowane gurbi. Abin da ya fi min kyau shi ne in zuba garin cikin tarin takin gida wata ɗaya ko biyu kafin shuka, ina jiƙawa ina juyawa, don tsamin ruɓewar na taimaka masa ya saki. Ƙasarmu ta jigawa mai rairayi dama tana da ƙarancin fosfaras kuma ta ɗan karkata wajen tsami, shi ya sa yake karɓuwa a nan. A fadamar da kanwa ta fito, wadda ke yin fari-fari a sama in ta bushe, kada ka wahalar da kanka, zai zauna ne kamar tsakuwa.

Kuma kada wani ya ce ya samu madadin kamfa ko yuriya. Wuta ta cinye ɗan naitirojin da ke cikin ƙashi, saboda haka ba zai sa masara ta yi kore shar ba, ba kuma za ka ga aikinsa a mako biyu ba. Aikinsa a saiwa ne da fure da 'ya'ya, a hankali, yana kaiwa damina ta biyu da ta uku. Shi ya sa ya fi dacewa da bishiya da wake da gyaɗa. Ƙashin gida ɗaya ma ba zai ishi eka ba, na lambu ne da gindin itatuwa.

Da ka ga amfaninsa za ka ji kwaɗayin tsinto ƙasusuwan daji don ƙari. Kada ka soma. Ba ka san abin da ya kashe dabbar ba, kuma ƙwayar cutar da makiyaya ke kira saifa tana shekaru masu yawa a ƙasa da ƙashin mushe ba ta mutu ba, tana kama mutum. A 2023 an tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja. A tsaya kan ƙashin abin da aka yanka aka ci. Ƙaho da kofato su ma ware su nake yi, ba irin ƙashi ba ne, in sun shiga garwa narkewa suke su dame komai da wari.

Na sake dasa guraben nan 11 da baƙin gari, kare ko ɗaya bai tona ba. Duk da haka ba na kai sabon daka gona sai na gwada shi. Ina ɗibar tafi ɗaya in jiƙa, in binne sama-sama a bakin hanyar da karnukan Baba maharbi ke bi, in kwana biyu. In na tarar an tona, buhun gaba ɗaya garwa yake komawa.